Albarushin da Ba Ya Hayaƙi

Shekarar da na dawo daga bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na koma ɗakina na da a gidanmu da ke Runjin Sambo. Mahaifiyata ba ta son ganina zaune ina latsa waya. Da shinkafa ta fara fitar da kai, ta ce in riƙa zuwa Dundaye ina taya wanta tsaron gona. Kawu a lokacin ya manyanta, amma shi kaɗai yake noma fadamar da suka gada, kuma bai cika yarda da ɗan ƙwadago ba.

Aikin korar tsuntsaye ne. Jan-baki sukan zo kamar hadari su sauka a kan shinkafar, kafin ka zaga daga wannan kunya zuwa waccan sun yi ɓarna. Muna da gwangwanaye rataye a igiya, muna da majajjawa, amma abin da suke tsoro da gaske adakar Kawu ce, irin bindigar nan da ake ɗurawa ta baki. Ta mahaifinsa ce. An sauya mata ƙota, kuma akwai wani wuri a jikin bututun da aka naɗe da fata, wanda ban taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Kawu ya ce yana da takardar izininta. Ban ga takardar ba, ban kuma nemi gani ba.

Ba harbin kisa yake yi da ita ba, ƙara yake so. Albarushinsa baƙi ne, mai tsaki-tsaki, yana auna shi da tsinin ƙahon akuya da aka yanke tun zamanin mahaifinsa. Ya cika ƙahon, ya shafe bakin da yatsa, ya juye, ya tura tsumma ya danna da sanda. In ya harba, hayaƙi ya rufe shi na ɗan lokaci, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya bi iska. Ni dai nakan koma bayan wata giginya in toshe kunne. Ilimin tsirrai na karanta, ban san komai game da bindiga ba, kuma ban taɓa son kusantarta ba.

Wata ranar Talata da hantsi Alhaji ya zo gonar a kan babur. Ɗan gwaggonsu Kawu ne, wato taubashinsa, yana da rumfar hatsi a babbar kasuwa, yana kuma taɓa dillancin filaye. Tunda na yi wayo ban taɓa jin su biyun sun yi magana ba da zolaya ba.

"Ina mai gadin tsuntsaye?" in ji shi tun kafin ya kashe babur. "An ce mani bana ma su ka ci, kai kana yi masu kiɗa."

"Bawana ya iso," in ji Kawu, bai ko ɗago ba. Ya dube ni. "Ɗauko mashi tabarma. A'a, bar shi ƙasa, nan na wurinai."

"Ubangidan da ba shi da ko takalmi. Zo ka ga abin da bawanka ya kawo maka, ko ka daina ba mu kunya."

Ya ciro gwangwanin madara daga leda ya buɗe. Abin da ke ciki bai yi kama da albarushin da na saba gani ba. Ƙananan ɓarɓashi ne masu faɗi-faɗi, kamar irin alayyafo da aka danne, launinsu tsakanin toka da kore, suna ɗan ƙyalli. Na sunsuna daga nesa, sai na ji wani ƙamshi mai kaifi kamar na ɗakin shan magani. Ya kuma zazzage wa Kawu dunƙulen dalma a tafin hannu, kowanne ya fi ɗan magarya girma.

"Wanga na Turawa na," in ji Alhaji. "Ba shi hayaƙi, ba shi wari, ƙararshi har cikin gari za a ji."

Na ce, "Alhaji, a ina aka samo shi?"

"Ji ɗan boko, sai ya ga rasit. Wani mutumina na, mai kawo kaya daga iyaka. Ya ce daga cikin harsasai anka zazzage shi. Dalmar kuwa ka aje, ko gadu ya shigo maka gona."

"Gadun da ya rage Dundaye shi na wanda yaz zo bisa babur," in ji Kawu.

Suka yi dariya. Alhaji ya ce ranar Juma'a bayan la'asar zai dawo ya ji ƙarar da kunnensa, kada a taɓa gwangwanin kafin nan. Kawu ya mayar da murfin ya sa a taska cikin bukkar gona.

A keken da ya mayar da ni gari na fara bincike a waya, kuma na ci gaba har bayan magariba. Ya kamata in faɗa cewa abin da na karanta na mutanen wasu ƙasashe ne, masu bindigogin kamfani, waɗanda ke ɗura harsasansu da kansu a gida. Ban fahimci rabinsa ba. Amma wasu abubuwa sun yi ta maimaituwa har na kasa kau da kai. A wurinsu albarushi ba abu ɗaya ba ne, iri-iri ne, wani yana ci da sauri wani a hankali, kuma ba a gane su da ido. Ba sa auna shi da cikar mazubi sai sun san nauyinsa, ba sa kuma sa ko ƙwaya sai sun duba abin da kamfanin da ya yi shi ya rubuta. In nauyin harsashi ya ƙaru, matsin da ke cikin bututu yana ƙaruwa, don haka awon da ya dace da ƙaramin harsashi ba lallai ya dace da babba ba. Albarushin da ba a san sunansa ba, ko wanda aka zazzage daga harsasan da ba a sani ba, cewa suke a zubar. Sai gargaɗi guda da ban ga wanda ya saɓa masa ba: marar hayaƙi ba ya shiga bindigar da ake ɗurawa ta baki, komai ƙanƙantarsa, domin bututun yana iya tarwatsewa a hannun mai harbi.

Na tuna ƙahon akuya, na tuna dalmar, na tuna wurin da aka naɗe da fata. Hannun hagu na Kawu a daidai nan yake riƙewa.

Duk da haka ban tabbata ba. Mai yiwuwa abin da ke gwangwanin ba shi ne wanda suke magana a kai ba. Mai yiwuwa ma ya sha damshi ya mutu, ko an cuci Alhaji an sayar masa da wani gari na banza. Hotunan da na gani sun yi kama da shi, amma a waya abubuwa da yawa suna kama da juna.

Da safe na gaya wa mahaifiyata tana tankaɗe. Na zaci za ta ce in daina tsoron banza. Sai ta ajiye rariyar.

"Shi Alhaji da kanshi ya kawo?"

Na ce e.

"Har gona?"

Na ce har gona. Sai ta ce Alhaji ya sha kawo masu sayen gefen tudu na gonar, wanda ya kusa hanya, tunda gari ya fara tafiya wajen. Kawu ya ce muddin yana iya riƙe fartanya ba za a yanka ko taku ba. A zuwan ƙarshe, in ji ta, an yi maganar da ba ta yi kama da wasa ba, ko da yake da dariya aka rabu. Daga nan ta yi istigfari, ta ce in manta da abin da ta faɗa, jini ɗaya ne, tare suka yi kiwon awaki. Ta ɗauki rariyar, amma ta daɗe ba ta ci gaba da tankaɗen ba.

Ban je da wannan tunanin ba, amma da shi na fita. Muddin yana iya riƙe fartanya. Duk hanyar Dundaye ina ƙoƙarin ture maganar tana dawowa. Na riƙa tuno fuskar Alhaji lokacin da yake buɗe gwangwanin, ina neman wata alama. Me ya sa ya ce kada a taɓa sai ya zo? Me ya sa ya haɗa da dalma mai nauyi alhali ya san tsumma kawai Kawu ke sawa? Kowace tambaya tana da amsa mai sauƙi. Mutum yana son ganin an ji daɗin kyautarsa. Wanda ya sayar masa ne ya haɗa masa da dalmar. Amma amsoshin ba su kwantar min da hankali ba.

Na sami Kawu yana gyara igiyar gwangwanaye. Na yi masa bayani yadda na iya, na yi ta cewa wataƙila, na ce ban da tabbas, na ce masu rubutun ba su san adaka irin tamu ba. Ban ambaci fili ba. Ya saurara har na gama. Bai tambaye ni komai game da albarushin ba.

"Shi Alhaji ya san haka?"

"Ban sani ba, Kawu. Ina jin bai sani ba. Ba kowa ya sani ba."

"Kana jin bai sani ba," in ji shi.

Na ce mu juye shi a ruwa kawai a huta. Ya ce ba a zubar da kyauta kafin mai ita ya ga an mora. Na ce to a ce masa ruwan sama ya shiga bukka ya jiƙa shi. Ya dube ni ya ce ruwa ya ɗauke tun yaushe, kuma shi bai fara ƙarya da furfura ba. Na roƙe shi aƙalla ya yi min alkawari ba zai harba ba.

"Ba ni harba shi," in ji shi. Ya koma kan igiyarsa.

Da na san yadda yake nufi, da ban samu barcin da na samu ba.

Ranar Juma'a na wuce gonar daga masallaci. Alhaji ya iso bayan la'asar cikin farar shadda, yana tattare riga saboda laka. Tsuntsaye sun fara taruwa a kan itatuwan bakin ruwa. Aka yi zolayar da aka saba, sai dai na lura Kawu yana mayarwa a taƙaice. Ya shiga bukka ya fito da bindigar da gwangwanin da ƙahon. Ya tsuguna, ya cika ƙahon da albarushin Alhaji, ya shafe bakin da yatsa, ya juye a bututu.

Na ce, "Kawu."

"Yi mana shiru, manya na aiki."

Ya tura tsumma, ya ɗauki dalma guda ya jefa, ya sake tura tsumma ya danna da sanda. Ya juya mana baya yana taɓa wajen kunamar bindigar. Na matsa kusa da niyyar in ya ɗaga ta in riƙe masa hannu, ko da zai mare ni a gaban baƙo. Sai ya juyo, ya miƙa wa Alhaji bindigar da hannu biyu.

"Ka manta ƙa'idar gidan kakanmu? Wanda ya kawo albarushi shi ka harbin hwarko."

Ban taɓa jin wannan ƙa'idar ba, amma Alhaji ya san ta, don ya ƙyalƙyale da dariya ya ce tsohon nan bai bar komai ba sai dokoki. Na kalli fuskarsa kamar yadda na san Kawu yana kallo. Na jira ya ce kafaɗarsa na ciwo, ko shaddarsa za ta ɓaci, ko rabonsa da bindiga tun yana saurayi. Kowanne daga ciki da ya isa uzuri. Bai kawo ko ɗaya ba. Ya cire hula ya miƙo min, ya naɗe hannun riga, ya karɓa.

"Yau ka ga yadda maza ka yi," in ji shi. "Matsa, tsoho, kada ƙara ta kashe ka a ce ni na."

Ya kafa ƙafa, ya ɗora ƙotar a kafaɗa, ya kai hannun hagu daidai kan fatar nan. Ya kwantar da kuncinsa. Na dubi Kawu. Yana tsaye hannuwansa a baya, bai motsa ba.

"Alhaji, kada ka harba," na ce. Muryata ta fita da ƙarfin da ban yi niyya ba. "Don Allah sauke ta. Tana iya fashewa."

Ya ɗago kai yana murmushi, yana jiran ƙarshen wasan. Da ya ga fuskata sai murmushin ya tafi. Ya sauke bindigar a hankali, ya kwantar da ita a kan kunya bakinta na kallon ruwa, ya ja da baya. Ya ce in yi masa bayani. Na maimaita abin da na gaya wa Kawu, har da wataƙilan duka. Ya saurara yana goge tafin hannunsa a jikin shaddar.

Sannan ya juya ga Kawu.

"Ka san da wanga?"

"Ya hwaɗa mani."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Kuma kam miƙo mani."

"In ga ko kana karɓa."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ina jin a nan ne ya haɗa maganar da filin, don na ga idonsa ya kai gefen tudu ya dawo. Tsuntsayen suka sauka a kan shinkafar, babu wanda ya kula su.

"To ka gani, Malam," in ji shi.

Ya ɗauki gwangwanin da kansa, ya taka cikin laka da takalminsa na Juma'a har bakin magudanar ruwa, ya juye shi duka, ya ɗauraye, ya jefa dalmar a bayansa. Ya dawo ya karɓi hularsa daga hannuna. Ya ce min Allah ya yi albarka, in gaida mahaifiyata. Bai yi wa Kawu sallama ba. Babur ɗin ya ƙi tashi da farko, ya yi ta bugawa, mu kuma muna tsaye ba wanda ya je ya tura masa.

Bayan ƙarar babur ɗin ta ɓace, Kawu ya ce bindigar ba za ta tashi ba ko da ya ja kunamar. Ya ce bai sa ɗan murfin da ke kunna wutar ba, lokacin da ya juya baya cire shi ya yi. Ya buɗe tafinsa ya nuna min wani ɗan abu na tagulla. Na ga abin. Amma irinsu suna da yawa a aljihunsa kullum, kuma ban je na duba bindigar ba, tsoron kusantarta nake. Shi ne ya ɗauke ta ya nutsa ta cikin magudanar, ya danne da dutse, ya ce ta kwana a nan kafin a san yadda za a fitar da ɗurin. Na sha ƙoƙarin tuno abin da hannunsa ya yi a wajen kunamar. Wani lokaci nakan ga kamar cirewa ya yi, wani lokaci kamar sawa. Na fi karkata ga cewa gaskiya ya faɗa, domin ban san shi da ƙarya ba, amma ban gani da idona ba.

Maƙeri ya fitar da ɗurin daga baya, ya kuma kwance fatar. Kawu bai gaya min abin da aka gani a ƙarƙashinta ba, sai dai bindigar ba ta dawo gona ba. Da gwangwanaye da majajjawa da maƙogwaro muka ƙarasa kakar, tsuntsaye suka ci rabonsu. Mahaifiyata ta ji labarin daga bakina sau ɗaya, ba ta sake tayar da shi ba.

Bayan an yi girbi ta aike ni babbar kasuwa sayen gero. Na yi niyyar zagaye layin Alhaji, amma ya hango ni ya aiko a kira ni. Ya sa aka auna min, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi maganar aiki. Ya ce ya koma wurin mutumin da ya sayar masa, ya gaya masa ya daina ba masu adaka, mutumin ya ce shi ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Har na ɗaure bakin buhu sai ya rage murya.

"Ɗana, tsakaninka da Allah. Da na ja, da ta hwashe?"

Na ce bisa abin da na karanta akwai haɗari babba, kuma ni dai ba zan bar kowa ya gwada ba. Amma ban san ainihin irin albarushin ba, ban san ƙarfin bututun ba, kuma Kawu ya ce bai sa murfin ba.

"Ya ce."

"Haka ya ce, Alhaji."

Ya ɗebi gero a hannu ya bar shi yana zuba cikin kwano.

"Da ka tabbata ko ta wane gefe, da ya hi mani sauƙi," in ji shi.

Wata mata ta zo tambayar dawa, ya juya wurinta, ni kuma na ɗauki buhuna na fita neman keke.